RUBUTUN KIƊA: DAGA GANGAR JAPAN ZUWA KALANGUN ZAMFARA

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ganga tana magana. A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran sassan Zamfara, manomi yakan gane takensa daga nesa a wurin gayya, ɗan dambe yakan ji nasa tun bai shiga fage ba, mahauci kuwa ya san abin da kalangu ke faɗa masa ranar kasuwa. Sai dai duk wannan magana a iska take. Da zarar makaɗi ya ɗaga hannu daga fata ta wuce, in kuwa ya rasu bai koya wa kowa ba, to, ta bi shi kushewa.

Zamfara ta fitar da manyan makaɗa waɗanda sunansu ya game ƙasar Hausa. Akwai Salihu Jankiɗi mai taushi, wanda ya rasu a 1973, da Musa Ɗankwairo mai kotso, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, shi ma mai kotso, da Kassu Zurmi mai kalangu. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi ɗawainiyar rubuta tarihin makaɗan da baitocin waƙoƙinsu. Kalmomin sun sami mazauni a takarda. Kiɗan da ke ɗauke da kalmomin kuwa, mafi yawansa a faifai da kaset ya rage. Kaset yana adana amo, amma ba ya gaya wa mai koyo wane hannu ya buga, ko a ina ya buga, ko wace ganga ce ta yi wane sauti idan biyar suna tashi lokaci guda.

Wannan maƙala za ta duba yadda ake rubuta kiɗan ganga, da yadda makaɗan Japan suka shawo kan matsalar, da abin da manhajar kwamfuta za ta iya yi wa ɗalibi a gari irin Nasarawa Burkullu idan ya ƙudurta adana kiɗan garinsu.

Darasi Daga Haruffa Masu Ƙugiya

Duk ɗalibin Hausa ya riga ya san rabin wannan labari, ko da bai taɓa riƙe makaɗi ba. Lokacin da aka ɗauko haruffan Romawa don rubuta Hausa, an tarar ba su wadatar ba. Harafi guda ne zai rubuta baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, da da ɗa. An yi ta dabarar ɗigo da waƙafi, har a shekarun 1930 aka tsaya a kan lanƙwasa kan harafin, aka sami ɓ da ɗ da ƙ. Jikin harafin na aro ne, ƙugiyar ce ta mayar da shi na gida.

Abin da ya faru da haruffa shi ne ke faruwa da alamomin kiɗa. Hanyar rubutun kiɗa da ta fi yaɗuwa a duniya a Turai aka ƙago ta. Wani malamin coci a Italiya mai suna Guido na Arezzo, wanda ya rayu a ƙarni na 11, shi ake jingina wa tsara layuka huɗu a jere domin nuna hawa da saukar murya. Daga baya layukan suka zama biyar. Ana iya kiransu tsani, domin alamar da ke kan matakin sama tana nufin siririn sauti, wadda ke ƙasa kuma kakkaura. Kowace alama tana da kai, wato ɗan ƙwai baƙi ko fari, da sanda a tsaye, wani lokaci da tuta a ƙarshen sandar. Wurin da kan ya zauna shi ke nuna tsayin sauti, launinsa da tutar sandarsa kuma su ke nuna daɗewarsa.

Wannan tsari ya dace da muryar mawaƙi da sarewa da goge irin na Turawa. Da aka zo kan ganga sai ya gaza, domin abin da mai ganga ke son sani ya wuce tsayin sauti. Yana son ya san ko tsakiyar fata za a buga ko gefenta, ko da makaɗi ko da yatsu, ko za a bar fatar ta yi amo ko za a danne ta. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Dabarar da makaɗan duniya suka samo ita ce sauya siffar kan alamar: ƙwai ga bugun tsakiya, gicciye ga bugun gefe, alwatika ga wani abu daban. Ƙugiya ce aka sake yi wa harafi.

Me Ya Sa Fata Guda Ke Da Murya Da Yawa?

Kafin a rubuta sauti ya kamata a san abin da ke haddasa shi. Idan aka bugi ganga, fatar tana karkarwa, tana tura iska gaba da baya, iskar kuma ta kai wannan motsi ga dodon kunne. Yawan karkarwar a daƙiƙa guda shi ake aunawa da ma'aunin hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kimanin hertz 20 zuwa 20,000. In karkarwa ta yi yawa sauti ya yi siriri, in ta yi kaɗan ya yi kauri.

Abubuwa uku ne ke iyakance wannan adadi a jikin ganga: faɗin fatar, da nauyinta, da ƙarfin ɗaurinta. Faffaɗar fata mai nauyi a hankali take motsi, shi ya sa tambarin fada ke da ruri, kuntuku kuma ke da tsiwa. Game da ɗauri kuwa, masana kimiyyar sauti sun gano cewa sai an riɓanya ƙarfin jan fata sau huɗu kafin yawan karkarwarta ya ninka sau biyu. A nan hikimar kalangu take. Icensa yana da siririn ƙugu, tsarkiyoyi sun haɗa fatar wannan baki da ta wancan. Idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, fatun biyu sun ƙara ɗauruwa, sauti ya hau. In ya sassauta, ya sauka. In ya buga yana cikin sassautawa, sautin ya zamo daga sama zuwa ƙasa a bugu guda.

Wurin bugu ma yana da nasa tasiri. Fata ba ta karkarwa ta hanya guda. Bugun tsakiya yana sa dukkanta ta shiga ta fita gaba ɗaya, abin da ke ba da amo mai zurfi. Bugun gefe yana sa ta rarrabu, wani sashe na hawa wani na sauka, sai a ji sauti mai kaifi. A fatar da ba a yi wa komi ba, waɗannan ƙananan sautuka suna zuwa ne a kan ninki 1.59 da 2.14 da 2.30 na sautin tushe, adadin da bai jitu da juna ba, shi ya sa kunne ke wahalar cewa ga takamaiman muryar ganga. A 1920 masanin kimiyya na Indiya C. V. Raman, wanda ya sami kyautar Nobel a 1930, ya nuna cewa baƙin danƙon da makaɗan ƙasarsu ke liƙawa a tsakiyar fata yana daidaita waɗannan sautuka har su jitu. Mai kotso da mai taushi a ƙasar Hausa su ma suna liƙa nake a tsakiyar fatarsu, kuma kunnensu ne ma'aunin da suke gane ya isa ko bai isa ba.

Yadda Japanawa Suka Yi

Japanawa suna kiran gangarsu taiko. Akwai manya waɗanda ake fafe su daga gungumen itace guda a rufe da fatar saniya, akwai ƙanana masu ɗaurin igiya, kuma da sanduna biyu ake kaɗa su. Tun kafin takarda, da baki suke koyar da kiɗan, ta hanyar da suke kira kuchi shoga. Kowane irin bugu yana da gaɓar da ke wakiltarsa. Don shi ne bugu mai ƙarfi a tsakiyar fata. Doko bugu biyu ne masu sauri. Tsu da tsuku bugu ne mai taushi. Ka da kara bugun icen gefe ne. Su kuwa shiru ne, wato gurbin da ba a buga komi. Ƙaramar ganga tana da nata gaɓoɓin, irin su ten da teke. Almajirin kiɗa sai ya iya faɗin kiɗan da baki daga farko har ƙarshe kafin hannunsa ya kama.

Wani abin da ya faru a 1951 ya nuna amfanin rubutu da kuma iyakarsa. A yankin Nagano, an kawo wa wani makaɗin jaz mai suna Daihachi Oguchi wata tsohuwar takarda da aka tsinta a ɗakin ajiya, ɗauke da kiɗan taiko na wurin bautar Suwa. Oguchi gwani ne, amma ya kasa karanta alamomin, sai da aka nemo wani dattijo da ya san ma'anarsu. Da ya fahimci kiɗan sai ya rarraba shi ga ganguna masu girma daban-daban, ya kafa ƙungiyar Osuwa Daiko. Daga nan salon kaɗa taiko a rukuni ya samo asali. A 1968 Seiichi Tanaka ya buɗe makarantar taiko a San Faransisko ta Amurka, a 1981 kuma ƙungiyar Kodo ta tsibirin Sado ta fara fita duniya. Takarda guda ta tsare kiɗan har ya iso hannun wanda zai rayar da shi. Amma da dattijon ya riga rasuwa, da takardar ta zama zane kawai. Saboda haka ƙa'ida ta farko a rubutun kiɗan ganga ita ce a rubuta mabuɗin alamomi a saman shafi, kamar yadda ake yi wa taswira.

Japanawa suna da wata ƙaramar ganga mai siririn ƙugu da ake kira kotsuzumi, wadda ake kaɗawa a wasan kwaikwayonsu na gargajiya mai suna No. A kafaɗar dama ake ɗora ta, hannun dama na bugu, na hagu yana matse igiyoyi yana saki don sauya sauti, kusan yadda mai kotso ke yi da tsarkiya. Sautukanta suna da sunaye, po da pu da ta da chi, kuma da 'yan da'irori da ɗige-ɗige ake rubuta su. Ke nan matsalar ganga mai sauya murya ba ta Bahaushe kaɗai ba ce.

Shigowar Kwamfuta

A da, buga littafin kiɗa aikin maƙera ne, domin a kan farantin ƙarfe ake sassaƙa kowace alama da hannu. Manhajar kwamfuta ta sauƙaƙa wannan. Finale ta fito a 1988, Sibelius a 1993, Dorico a 2016, aikin LilyPond kuma a 1996 aka fara shi. Akwai kuma MuseScore, wadda Werner Schweer na Jamus ya fara a 2002. Kyauta ake samunta, kuma da zarar an ɗora ta a kwamfuta ba ta bukatar intanet.

Waɗannan manhajoji sun gaji wani tsari da ake kira General MIDI, na 1991, wanda ya ba kowane kayan kiɗa lamba. A ɓangaren kayan bugu an ware sautuka 47, daga lamba 35 zuwa 81. Akwai konga da bongo na Kuba a ciki, an kuma ba taiko gurbi guda a jerin manyan kayan kiɗa. Babu kalangu, babu kotso, babu taushi, babu jauje. Ko taikon ma sauti guda aka ba shi, alhali makaɗinsa ya san don daban, ka daban, tsu daban.

Abin da masu taiko ke yi shi ne su gina nasu jadawalin a cikin manhajar. A MuseScore, alal misali, akwai wurin da ake gyara jerin ganguna. Mai rubutu zai zaɓi lamba, ya raɗa mata suna, ya zaɓa mata siffar kai, ya faɗi layin da za ta zauna, da inda sandarta za ta fuskanta, da harafin da zai latsa don kiranta. Yana iya rage layukan tsani daga biyar zuwa ɗaya ko uku. Sai ya sa ƙwai ga don, gicciye ga ka, ƙaramin kai ga tsu, ya rubuta gaɓoɓin baki a ƙarƙashin alamomin kamar baitin waƙa, da harafin da ke nuna hannun dama ko na hagu. In ya gama sai ya adana jadawalin ya raba wa abokan kiɗansa. Tun 2013 an sami wani daidaitaccen tsarin alamomin kiɗa mai suna SMuFL, wanda ya tattara dubban siffofi, saboda haka da wuya a rasa wadda za a ara.

Akwai gargaɗi guda. A watan Agusta na 2024 kamfanin da ke da Finale ya sanar da daina sayar da ita, bayan shekara 35 ana aiki da ita. Manhaja tana mutuwa kamar yadda makaɗi ke mutuwa. Mai hankali yakan adana aikinsa a tsarin MusicXML, wanda manhajoji da yawa ke iya buɗewa, sa'an nan ya buga shi a takarda.

Me Kalangu Ke Bukata?

Taiko yana bukatar alamar wuri da ta ƙarfi. Kalangu yana bukatar waɗannan, da ƙarin abu guda, wato karin sauti. Hausa harshe ne mai karin sama da karin ƙasa da faɗau. Da kari ake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, da kari ake bambanta baba mahaifi da baba mahaifiya da baban rini. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna kari, ba ya nuna tsawon wasali, sai a ƙamus irin na Bargery na 1934. Kalangu kuwa waɗannan biyun kaɗai yake furtawa. Ba shi da baƙi, ba shi da wasali. Hawa da sauka, da nauyin gaɓa, su ne maganarsa, mai sauraro ne ke cike sauran daga abin da ya sani. Wato abin da boko ya bari shi ne abin da ganga ta ɗauka.

Don haka tsani mai layi uku zai iya zama mafari: layin sama ga matsattsiyar tsarkiya, na ƙasa ga sakakkiya, na tsakiya ga abin da ke tsakaninsu. Bugun makaɗi ya ɗauki baƙin ƙwai, taɓin yatsun hagu ya ɗauki alwatika, bugun da aka danne ya ɗauki gicciye. Sautin da ya zamo, a ja masa karkataccen layi daga inda ya tashi zuwa inda ya sauka. Kuntuku, da yake murya guda gare shi, layi ɗaya ya ishe shi. Kotso da taushi, da yake da hannu ake kaɗa su, za su bukaci alamar tafi da ta yatsu, da ta bugu kusa da nake ko nesa da shi. A ƙarƙashin kowace alama a rubuta gaɓar taken da ganga ke faɗa.

Ya kamata a lura cewa layukan nan uku ba tsayayyun sautuka ba ne irin na piyano. A maganar Hausa, karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan ɗan gaza wanda ya gabace shi, har jimla ta riƙa gangarowa zuwa ƙarshenta. Fata ma tana sauyawa da yanayi: ta sassauta da damina, ta ɗaure da hunturu. Sama da ƙasa a nan gwargwadon juna ake auna su.

Ba dole sai da tsanin Turawa ba. A shekarun 1960, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, Philip Harland ya tsara wata hanya ta akwatuna don koyar da kiɗan Afirka ta Yamma, James Koetting kuma ya bayyana ta a rubuce a 1970. Ana jera akwatuna daidai wa daida, kowanne yana wakiltar ɗan lokaci guda. Inda aka buga a sa alama, inda aka yi shiru a bar shi fayau. Kowace ganga da nata jeri, ɗaya bisa ɗaya, sai a ga yadda suke saƙa da juna. Littafin lissafi mai gidan dara da fensir sun wadatar.

Aikin Da Makaranta Za Ta Iya Yi

An taɓa yin irin wannan bincike a ƙasar Hausa. David Ames ya yi aiki a Zariya, Anthony King a Katsina, suka fitar da ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Fremont Besmer ya nazarci kiɗan daren salla na fadar Kano, ya buga a 1974. Amma kowace ƙasa da hannunta, kuma manyan birane ne suka fi samun kulawa. Yammacin Zamfara yana da fadoji masu tarihi, irin su ta Sarkin Zamfaran Anka, da ta Sarkin Mafaran Gummi, da ta Sarkin Dankon Bukkuyum, ga makaɗan noma da na fawa da na dambe a garuruwan da ke tsakani. Shekarun rashin tsaro sun tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki, sun rage tarukan da yaro ke koyon kiɗa a cikinsu ta hanyar bin ubansa. Kiɗan da ba a kaɗawa mantuwa yake yi.

Ƙungiyar ɗalibai a makarantar sakandare ta Nasarawa Burkullu, da malamin Hausa da na kimiyya, za su iya farawa da makaɗi guda da take guda. Da farko a nemi izninsa, a gaya masa abin da za a yi da aikin, a kuma kiyaye cewa akwai kiɗan da ba a taɓawa sai da yardar fada, kamar tambari. A ɗauki hoton bidiyo da wayar hannu ta yadda za a ga hannayensa biyu da hammatarsa. A roƙe shi ya kaɗa a hankali, sa'an nan ya faɗi kiɗan da baki, ya kuma ambaci sunan da yake kiran kowane bugu. Sunayensa su za a sa a mabuɗi, domin shi ne malamin. Bayan haka a cike akwatuna a littafi. Inda aka sami kwamfuta, manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka tsara a Jami'ar Amsterdam don nazarin magana, za ta zana hawa da saukar sautin a ma'aunin hertz. Ɗalibi zai iya furta taken da bakinsa, ya ɗora zanen muryarsa kusa da na kalangu, ya ga inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Daga nan sai a kwafe aikin a MuseScore.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji, wanda babu kimiyya sai da shi. A ba wani ɗalibin da bai ji kiɗan ba takardar, ya karanta ya buga, makaɗin yana saurare. In ya gane takensa, alamomin sun yi aiki. In ya girgiza kai, akwai abin da aka bari, sai a koma a ƙara wa harafi ƙugiya. A saman shafi a rubuta sunan makaɗin, da garinsa, da wanda ya koya masa, da mai taken, da ranar da aka ɗauka.

Kammalawa

Takarda ba za ta maye gurbin zama gaban makaɗi ba. Japanawa, duk da manhajojin da ke hannunsu, har yanzu da baki suke fara koyar da taiko. Aikin rubutu shi ne ya riƙe amana har mai karɓa ya zo, ya kuma ba masu nazari damar kwatanta hannun Gummi da na Anka, ko na uba da na ɗansa. Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ta yi amfani ne saboda makarantu da maɗaba'u da jaridu sun yarda da ita baki ɗaya. Alamomin kalangu ma sai sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi sun zauna da makaɗa sun tsayar da mabuɗi guda, don abin da aka rubuta a Bukkuyum ya karantu a Katsina da Maraɗi. Kafin wannan zama, kowace makaranta tana iya fara tara nata shafukan, tun dattawan da za su ce an yi daidai ko an yi kuskure suna raye.